Buhu Shida a Gumani

Zuwa ga 'yata Azara, takwarar mahaifiyata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya kai ki Bolga lafiya, ya tsare lorinku daga faci da direba mai gaggawa, ya sa ki sauka a hannun mutanen kirki. Na ce wa mahaifiyarki ta miƙa miki wannan takarda sai mota za ta tashi, ke kuma kada ki buɗe sai kun wuce Savelugu, don akwai maganar da ba zan iya faɗa ina kallon idonki ba.

Uwata, murna ta hana ni zama wuri ɗaya. Tun ranar da takardar ɗaukar aikinki ta iso babu wanda ban tare da labarin ba. Mai shayi ya ji, mai gyaran keke ya ji sau uku, liman ma ya ji tsakanin alwala da sahu. Yanzu mutanen unguwarmu Nyanshegu in sun hango ni sai su tuna suna da uzuri a wani lungu. Ina ruwana. 'Yata ce za ta kula da feshin manyan sito na hatsi, maza majiya ƙarfi na jiran ta ce a zuba ko a dakata. Ranar da kika gwada kayan aikin a tsakar gida, takalmin robar ya fi ƙafarki girma kina tafiya kamar agwagwa, uwarki tana dariya har da hawaye, ni idona yana kan littafin nan mai layi-layi da suka haɗa miki da shi. Kin ce mini dokar aikin ce, duk feshin da aka yi sai an rubuta shi a ciki, kuma kika ɗan yamutsa fuska kamar wadda aka ɗora wa aikin banza. Wannan yamutsa fuskar ce ta sa na ɗauki biro.

Kin taso kina jin ana kirana Garba mai famfo. Shekara goma sha biyar ina goya famfon feshi a bayana, daga gidan mai kuɗin cizo zuwa rumbun mai ƙwarin masara. Da kika dawo hutu daga makarantar kwana kika ga famfon a rataye, mun ce miki ciwon baya ne ya ajiye ni. Bayana lafiyarsa ƙalau har yau. Sunana ne ya ɓaci, aka daina kirana, shekara huɗu ke nan. Rashin rubutu ne ya jawo mini, kuma ba don ban iya ba, ajami na hannuna tun ina yaro. Gani nake tawada ta karatu ce, ba ta maganin kyankyaso ba, kuma ina taƙama da cewa kaina ba ya mantuwa. To ga yadda kan nan nawa ya yi da ni.

Ban taɓa kiran magani da sunansa ba. A wurina akwai mai jan gwangwani, da mai hoton ƙwarangwal, da mai warin tafarnuwa. Wata rana na yi feshin kuɗin cizo a gidan Madam Akosuwa, malamar makarantar nan 'yar kudu da ke haya a bayanmu. Na ce a bar ɗakunan a buɗe kada kowa ya shiga har yamma, amma tsohuwarta da ta zo ganin gida ba ta jin Hausa, ta shiga ta shimfiɗa tabarma ta yi barcinta na rana. Kafin la'asar tana amai, yawu na zuba. Madam ta zo da gudu ba ko ɗankwali, ta ja ni har asibiti. Nas ta tambaye ni sunan maganin don su san abin da za su ba ta, na gyara tsayuwa na ce mai jan gwangwani ne. Ta dube ni daga sama har ƙasa ta ce ita ta san masu jan gwangwani uku, kuma kowanne da nasa makarin. Na hau keke na koma gida neman gwangwanin, uwarki ta ce ai da ya ƙare na ba wa maƙerin fitila. Na nufi kasuwa ina haki, na tarar ya riga ya yanka shi ya yi aci-balbal, har ya sa lagwani. Haka na shiga asibiti riƙe da fitila da rana tsaka, mutane na kallona kamar sabon kamu. Allah ya taimake ni rabin sunan ya rage a gefen fitilar, nas ta karanta ta gane. Tsohuwa ta tashi bayan kwana uku, kuma har ta koma garinsu in ta gan ni sai ta toshe hanci.

Saboda haka ki rubuta sunan magani yadda yake a jikin gwangwani, baƙi bayan baƙi, ko da Faransanci aka rubuta shi, da lambar da ke ƙasansa. Ki rubuta murfi nawa kika zuba a bokiti nawa, da ƙwaron da kika je kashewa. In an kawo miki magani a kwalbar lemo ba takarda, kamar yadda 'yan kalabule, masu fasa-ƙwauri, ke yawo da shi yanzu, kada ki karɓa ko da mai kawowar ya rantse da kabarin ubansa. Gwangwanin da ya ƙare kuma ki huda shi ki binne, ki rubuta inda kika binne, kada ya zama fitila ko moɗar wani.

Akwai kuma halina na cewa sai na koma gida zan tuna. A Kasalgu wani wa da ƙanensa suka kira ni, gidajensu na jere, ɗakuna zagayayyu iri ɗaya, har bishiyar darbejiyar ƙofar gida iri ɗaya. Na yi gidan wan ranar Talata, magani ya ƙare, na ce zan dawo wa ƙanen. Bayan mako biyu na dawo da tabbacin duniya a raina, na shiga gidan wan, na sa mata suka fitar da kaya, na sake feshe shi tas. Ba wanda ya tanka, sun ɗauka haka aikin yake, sau biyu ake yi. Iyalin wan suka sha wari a banza har kajinsu na layi, kuɗin cizon ƙanen kuwa suka ci gaba da shagalinsu. Da ƙanen ya tare ni a masallacin Juma'a sai ya naɗe hannun rigarsa ya nuna mini tabon cizo. An yi wata ana mini dariyar wannan, ni ma ina tayawa, don a lokacin ban san gargaɗi ba ne.

Ke dai da kin sauke famfo, ki wanke hannu da sabulu, ki rubuta kafin ki bar wurin. Sunan mai wuri, unguwa, wane ɗaki ko wane sito, rana da lokaci, da sunan wanda ya riƙe famfon in ba ke ba ce. Ki rubuta ko akwai iska, da lokacin da mutane za su iya komawa ciki, da kwana nawa za a yi kafin a taɓa hatsin. Ki karanta wa mai wurin da harshen da yake ji, in Farafara ne ki nemi mai fassara, sannan ya dangwala yatsa. Ma'aikatanki za su yi tsaki su ce mota na jira, rana ta yi zafi, a cike a ofis. Ki bar su su yi tsakin. Ni da na san halinki, ba na tsoron a fi ki taurin kai, a wurin kakarki kika gado shi har da riba.

Yanzu ga babbar. Kin san Alhassan na Gumani, Badagomben nan dogo da yake kawo mana doya da sabuwar masara kina ƙarama, wanda yake ɗora ki a kariyar kekensa. Ba ni da aboki kamarsa a garin nan. Tuwon matarsa Sanatu na ci ya fi a ƙirga, kuma shi ya riƙe mini ragon sunanki. Kin daina ganinsa, kin tambaya sau ɗaya, na ce gona ta riƙe shi.

A shekarar yunwa ne, bayan ruwa ya ƙi zuwa wuta kuma ta cinye daji. Kina makaranta, amma kin tuna yadda ake layin sayen dokunu, tuwon masarar nan da ake naɗewa a ganye, tun bai dahu ba. Alhassan yana cikin masu sa'a, gonarsa ta fadama ta ba shi buhu shida na masara, a gidan da ke da baki goma sha ɗaya. Ya kira ni in kare masa su daga ƙwari. Huɗu na ci ne, na barbaɗa musu garin magani mai sauƙi wanda in an jima aka sheƙe aka wanke ana ci. Biyu na iri ne, na sa musu mai ƙarfi wanda ko ɓera ya ɗanɗana ba ya kai ƙofa. A da maganin iri ja ne, kowa ya gani ya san ba na baki ba ne. Amma a wannan shekara babu shi a ko'ina, wanda na samo a hannun 'yan kalabule fari ne fat, ba ka raba shi da ɗayan. Na jera na ci a dama da ƙofa, na iri a hagu. Sai na ɗauki gawayi na zana da'ira a bango saman na ci, na ja giciye saman na iri. Na nuna wa Alhassan, ya gyaɗa kai. Ban kira Sanatu na nuna mata ba, alhali ita ce mai ɗiban hatsin. Ban sa komai a jikin buhunan ba, ban kuma rubuta a takarda ba. Na hau kekena ina jin na yi dabara.

Bayan wata biyu matar ɗansa ta haihu, jikar fari. Kin san al'adar mutanen nan, ko ana yunwa ba za su tarbi baƙin suna da bango a fashe ba. Alhassan ya tafi ƙauye sanar da dangi, mata suka fitar da komai na ɗakin, suka yaɓe bango, suka yi daɓe, suka shafe shi da makuba har yana ƙyalli. Zanen gawayina Sanatu ta ɗauka wasan yara ne, har ta yi musu faɗa. Buhunan da suka tsufa suka yage wajen ja, sai matan suka juye wannan cikin wancan, suka ɗinke, suka mayar a jere gwanin sha'awa. Aikin kirki suka yi, ba wanda zai ga laifinsu.

Da Alhassan ya dawo ya ga ɗakin, bai ko sha ruwa ba ya zo ya ɗauke ni. Na shiga na tarar da bango sumul, buhu shida a gefe guda. Na shinshina, na murza a tafin hannu, na fita da shi rana na duba. Duk ɗaya. Gidan kaf sun taru a ƙofar ɗakin suna jirana, ga suna saura kwana biyu, ga tukunya a wanke. Alhassan ya ce, “Garba, wanne ne namu na ci?”

Uwata, amsar gaskiya a bakina take, kalma uku ce. Amma shekara goma sha biyar ana cewa Garba ba ya mantuwa, kuma ga mata na kallo. Na ɗaga hannu na nuna biyu na ƙarshe na ce su ne na iri, sauran a ci. Na faɗa da ƙarfi kamar na gani a rubuce. Ban ma san an gauraya su ba, don ban tambaya ba.

Allah ya sa Sanatu mace ce mai hankali. Ta ɗebo daga buhun da na ce a ci, tana shiƙa, sai ta watsa wa kajinta uku da suka rage ɗan abin da ya zube. Ban bar gidan ba, ina zaune ana dama mini koko, muka ga ta farko ta kife. Kafin in ajiye ƙwarya ukun duka sun miƙe ƙafa. Wannan masarar ce za a niƙa a tuƙa wa mai jego da baƙin suna da yara. A nan ne matan suka faɗi yadda suka juye buhunan, muka gane babu ko ɗaya da za a iya kai wa baki.

Alhassan bai zage ni ba, da ya zaga da na fi samun sauƙi. Ya rako ni har bakin hanya, ya riƙe mini keke na hau, sannan ya ce da Hausarsa ta Badagombe, “Da kai ce ba ka sani ba, da ni yafe maka nan-nan. Bango ne ya ɓata, ba kai ba. Amma kai nuna da hannu.” Ya juya ya koma.

An yi sunan da ganye da ɗan garin rogo na aro. Ya sayar da sansa na noma, Sanatu da ta saba ciyar da unguwa ta shiga layin masarar agaji mai rawaya tun asuba, ga buhu shida a ɗaki ba damar taɓawa. Ba wanda ya mutu, alhamdu lillahi, jaririyar ma ta rayu duk da nonon uwarta ya janye. Da damina ta zo suka shuka abin da za su iya, suka raba sauran iri ga maƙwabta. Labari kuwa ya zaga Gumani ya shigo gari. Ba a kore ni daga ko'ina ba, kawai aka daina aikowa. Ni ma ban ƙara bin hanyar Gumani ba, in na hango Alhassan a kasuwa sai in shige rumfar masu gishiri har ya wuce. Na ji kunya, kuma na yi kewarsa ƙwarai.

Ga abin da na koya a makare. Alamar da ke kaɗai kika gane ba rubutu ba ce. Ki rubuta yadda wanda bai taɓa ganinki ba zai karanta ya fahimta ko kina Makka. Ki yi biyu, ɗaya a littafinki, ɗaya a hannun mai kaya, ki kuma ɗaura takarda a wuyan kowane buhu, don buhu yana tashi daga inda aka ajiye shi. Ki nemi mai ɗiban hatsin da kanta ki gaya mata, kada ki tsaya a kan maigida. Littafin da ya cika kada ki bari a naɗe ƙosai da shi, ki adana shi shekaru, ana iya zuwa da tambaya bayan kin manta. In kin yi kuskure ki ja layi ɗaya a kai ki rubuta daidai a gefe, kada ki yage shafi. In wani babba ya ce ki rubuta an zuba goma alhali biyar aka zuba, ki ce masa biron ubanki ba ya rubuta wannan. Ranar da aka tambaye ki abin da babu shi a littafi kuma babu shi a kanki, ki ce ban sani ba, ko da duk garin na kallonki.

To ga abin da na ɓoye miki kwana biyu, har uwarki na cewa zan fashe. Shekaranjiya bayan la'asar, kin tafi sallama da ƙawayenki, ina zaune a ƙofar gida na ji an jingina keke. Na ɗaga kai sai ga Alhassan. Ya yi furfura, ya rame, amma shi ne. Na miƙe har hulata ta faɗi. Muka gaisa gaisuwa mai tsawo, ya tambayi gida na tambayi gida, kowa na kallon ƙasa. Na kawo masa ruwa ya sha, wannan kaɗai ya ishe ni. Sai ya ce labarinki ya kai Gumani, don ashe surutuna ya yi amfani.

Ya ce, “An ce yarinya naka shi na rubuta komai a littafi.”

Na ce haka ne, dokar aikinta ce, kuma ni ma zan ƙara mata da tawa.

Ya juya moɗa a hannu. Ya ce bana masara ta yi, rumbu ya cika, amma shekara huɗu ke nan Sanatu ba ta yarda kowa ya sa magani a hatsinta ba, ƙwari na cinye musu kashi mai yawa suna kallo. Ya ce sun yi shawara da ita. Sannan ya ce, “In Azara ya zo hutu, ya zo ya yi mana. Kai ma ka biyo shi. Sanatu ya ce ka zo ka ci tuwo.”

Na gyaɗa masa kai. Da ya tafi na shiga ɗaki na rufe ƙofa, uwarki ta yi kamar ba ta ji komai ba, Allah ya saka mata. Daga baya na fito na yi ta zagaya tsakar gida ina dariya ni kaɗai.

Na amsa da sunanki ban tambaye ki ba, ki yafe mini. Ki je ki koyi aikin nan da kyau, ki cika layukan nan ɗaya bayan ɗaya ba tare da yamutsa fuska ba. Ki rufe hanci da baki in ana feshi, kada ki ci goro ko abinci sai kin wanke hannu, ki riƙe salla, ki gaida manya. Mahaifiyarki na gaishe ki, ta ce yajin da ke cikin gwangwanin madara na ci ne, ta ɗaura masa takarda don in gani.

Allah ya tsare ki daga sharrin magani da sharrin mutum, ya tsare hanyarki tafiya da dawowa, ya sa albarka a hannunki da bironki. Ki dawo mana lafiya da hutun farko, Uwata. Na san hanyar Gumani ido a rufe, amma ba zan iya shiga gidan nan ni kaɗai ba, sai kina gaba ina biye.

Wassalam.

Mahaifinki,
Garba
Nyanshegu, Tamale